QuantiFERON-TB Gold Plus: gwajin da ke sauraron garkuwar jiki, da wuraren da yake tuntuɓe a zafin Arewa

Kwalabe huɗu ne ƙanana, kowace da launin murfinta: toka-toka, kore, rawaya da shunayya. Kowace tana shan jini mililita ɗaya. Iyakar abin da majinyaci ke gani ke nan na QuantiFERON-TB Gold Plus, gwajin jinin kamfanin QIAGEN da ake yi don a gane ko ƙwayar tarin fuka ta taɓa shiga jikin mutum. Ra'ayinmu a kansa shi ne kaya ne mai kyau, kuma ga wanda aka yi wa BCG, allurar rigakafin tarin fuka, amsarsa ta fi ta allurar Mantoux, gwajin da ake yi a fata, tsabta nesa ba kusa ba. Sai dai rabin ingancinsa yana hannun mai ɗiban jini da mai kula da inkubeta, akwatin da ake ɗumama jinin a ciki, sannan akan tura mutane su biya kuɗinsa don tambayar da ba shi da amsarta.

Abin da yake aunawa

Ba a fahimtar wannan gwaji sai an san abin da ke faruwa a cikin makrofaj. Ƙwayar tarin fuka, Mycobacterium tuberculosis, idan an shaƙe ta ta isa can ƙuryar huhu, makrofaj ne ke tarbarta. Shi babbar farar ƙwayar halitta ne, aikinsa haɗiye duk baƙon da ya shigo. Yana haɗiye ta sai ya kulle ta a wata 'yar jaka mai suna fagosom. Bisa ƙa'ida jakar za ta yi ta ƙara tsami har ta haɗe da laisosom, wata jakar da ke cike da sinadaran narkarwa, inda pH, ma'aunin da ke sauka gwargwadon ƙaruwar tsami, ke komawa ƙasa da 5. Yawancin bakteriya a nan suke ƙarewa. Ita ta tarin fuka ta san makamar gidan. Tana fitar da furotin da ke hana famfon tura tsami zama a jikin jakar, sai pH ya tsaya wajen 6.3, haɗuwa da laisosom ta gagara. Tana kuma da hanyar fitar da kaya da ake kira ESX-1, ta nan furotin biyu, ESAT-6 da CFP-10, suke fita, na farkon yana taimakawa wajen huda bangon jakar. Daga nan sai ta miƙe ƙafa tana rabuwa biyu duk bayan awa 15 zuwa 20, ba gaggawa.

Makrofaj shi kaɗai ba ya iya mata. Sai bayan 'yan makonni ƙwayoyin T, wasu fararen ƙwayoyin garkuwa, da suka haddace kamanninta suke isowa, su saki wani saƙo mai suna intaferon-gama. Wannan saƙon ne ke tashin makrofaj daga barci. Jakar da ta ƙi tsami sai ta sauka kusa da pH 5. Makrofaj ya fara naɗe jakar da sabon bango ya kai ta laisosom da ƙarfi, hanyar da ake kira otofaji. Ya rage ƙofofin shigo da sinadarin ƙarfe don ya sa baƙuwar yunwa, ko da yake ita ma tana da maikobaktin, ƙugiyar da take fizgo ƙarfen da ita. Ya ƙona tiriptofan ɗin da ke cikinsa, wani sinadarin gina jiki, dabarar da ke durƙusar da ƙwayoyin cuta irin su Chlamydia da Toxoplasma, amma ta tarin fuka tana haɗa nata tiriptofan ɗin, don haka ba ta cika jin wannan bugun ba. Akwai iskar naitirik oksaid, wadda a jikin ɓeraye ita ce babban makami, a jikin ɗan Adam kuwa masana na ta muhawara kan girman rawar da take takawa. Akwai katelisidin, ƙaramin furotin mai kashe bakteriya, wanda fitowarsa ta dogara da bitamin D. A ƙarshe ƙwayoyin garkuwa sukan yi wa wurin zobe, su gina ƙullun da ake kira giranuloma, wani saƙon mai suna TNF shi ke riƙe da ginin.

Shaidar muhimmancin waɗannan saƙonni daga jikin mutane aka same ta. A 1996 aka bayyana yaran da aka haifa ba su da makarɓar intaferon-gama, waɗanda ko raunanniyar ƙwayar BCG tana iya bazuwa a jikinsu ta hallaka su. A 2001 kuma aka ba da rahoton mutum 70 da tarin fuka ya taso musu bayan an ba su infliximab, maganin da ke toshe TNF. Wato sau da yawa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai cutar ke bayyana musu a tsawon rayuwa.

QuantiFERON kwaikwayon wannan kiran yake yi a cikin kwalba. Ana haɗa jinin mutum da gutsattsarin ESAT-6 da CFP-10, a bar su su kwana a ɗumin jiki, a auna intaferon-gaman da ƙwayoyin T suka saki. Asalin dabarar ma a kan shanu aka fara ta a Ostiraliya, kafin kamfanin Cellestis ya kawo ta ga mutane, QIAGEN ya saye shi a 2011. Hikimar zaɓen furotin biyun nan ita ce BCG ta rasa yankin ƙwayoyin gadon da ke haɗa su, yankin RD1, don haka allurar BCG ba ta ruɗa gwajin. A Najeriya da Nijar, inda ake yi wa jarirai BCG tun haihuwa, wannan ne babban abin da mai saye yake biya.

Kwalaben huɗu

Mai murfi toka-toka, Nil, babu komai na tsokana a cikinta, tana nuna intaferon da ke cikin jinin tun asali. Mai kore, TB1, tana ɗauke da dogayen gutsattsari da ke kiran ƙwayoyin T nau'in CD4. Mai rawaya, TB2, tana da waɗancan da ƙarin gajeru da ke kiran nau'in CD8. Mai shunayya, Mitogen, tana ɗauke da PHA, sinadarin da ake samu daga jan wake, wanda ke tayar da kusan kowace ƙwayar T mai rai. Ita ce shaidar cewa jinin bai mutu a hanya ba.

TB2 ita ce sabon abin da aka ƙara wa wannan samfuri, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2017, aka kuma cire antijin TB7.7, ɗaya daga gutsattsarin tsokana, da ke cikin tsohon. Kamfanin ya tallata ta sosai. A aikace amsar sabon da ta tsohon kusan kullum suna dacewa, kuma babu wata ƙa'ida karɓaɓɓiya da ta ce likita ya yanke hukunci da tazarar da ke tsakanin TB1 da TB2. Ƙarin kwalbar dai ya ƙara jini, ya ƙara ramukan faranti, ya ƙara kuɗi.

Inda ake ɓata shi tun kafin ya isa injin

Nan ne maganar take. A gwajin suga ko na gishirin jini sinadari ake aunawa. A wannan kuwa ƙwayoyi masu rai ake ɗauka daga ɗakin ɗiban jini zuwa inkubeta, duk wahalar da suka sha a hanya sai ta bayyana a sakamako.

Awon jini ya kasance tsakanin mililita 0.8 da 1.2, akwai baƙin layi a jikin takardar kwalbar da ke nuna wurin. Kwalbar a hankali take zuƙa, don haka idan ta yi kamar ta cika a bar ta a kan allura daƙiƙa 2 zuwa 3. Idan jini ya gaza, antijin ya yi yawa a kansa, lamba ta hau. Idan ya zarce, antijin ya tsarma, lamba ta sauka. Ga mutumin da ke bakin iyaka wannan kaɗai ya isa ya juya amsa. Mai amfani da allura mai fukafukai sai ya fara cika siririyar robar da wata kwalbar banza, in ba haka ba iskar ciki za ta cinye wa kwalbar farko rabonta.

Akwai batun tudu, wanda ba kowa ke lura da shi ba. Kwalaben da aka saba, masu farin zobe a murfi, an daidaita zuƙarsu ne daga gaɓar teku zuwa mita 810. Kano, Katsina, Zariya da Damagaram duk suna ciki. Jos kuwa ta kai wajen mita 1,200, can kwalaben za su sha ƙasa da kima. Akwai na kan tudu masu rawayan zobe, na mita 1,020 zuwa 1,875. Wanda ba shi da su ya ɗebi jini da sirinji ya zuba mililita ɗaya-ɗaya.

Antijin ɗin busar da shi aka yi a jikin bangon kwalbar ta ciki. Saboda haka da an cika sai a girgiza sau goma, da ƙarfin da zai sa jini ya shafe bangon duka har ƙasan murfi. Ɗaga kwalbar ka duba ta a haske: idan akwai inda robar ta rage fes ba jan jini, to antijin ɗin wurin bai narke ba. 'Yar kumfa ba laifi. Amma wanda ya yi mata girgizar kwalbar lemo zai farfasa farin kitsen da ke kwance a gindinta, sakamako ya rikice. Mitogen da ta fito ƙasa a jinin mai lafiya ƙalau, sau da yawa rashin girgiza ne.

Daga ɗiba zuwa inkubeta kada a wuce awa 16, kuma gwargwadon saurin sakawa gwargwadon ƙarfin amsa. Kafin nan a ajiye su tsakanin digiri 17 da 27, ba firji, ba ƙanƙara. Idan sun ɗan jima a sake jujjuya su sau goma kafin a saka. A watan Afrilu, lokacin da Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, kwalbar da aka sa a aljihun ɗan aike ko a gaban mota ta fita daga ƙa'ida tun kafin a bar unguwa. Ana buƙatar akwatin kula mai ɗan sanyi, da kwali ko soso tsakanin kwalabe da ƙanƙarar roba, da ma'aunin zafi a ciki. Su kansu kwalaben da ba a buɗe ba, ajiyarsu digiri 4 zuwa 25 ce, wadda kantar sito a bazara ba ta cikawa.

Inkubeta ta tsaya a digiri 37, sama ko ƙasa da ɗaya, awa 16 zuwa 24, kwalabe a tsaye. Ba a buƙatar iskar CO2 ko danshi, wannan sauƙi ne babba. Matsalar ita ce aikin na dare ne. Idan NEPA ta ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya aka kashe janareta ƙarfe sha biyu, ƙwayoyin sun kwana a sanyi, da safe kuma wuta ta dawo allon inkubeta ya nuna 37 kamar ba abin da ya faru. Akwai kuma kishiyar haka: yawancin inkubeta ɗumamawa kawai suka iya, ba sa sanyayawa, idan ɗakin ya kai 39 su ma sun kai. Ɗakin gwajin da ba shi da inbata ko sola a kan inkubetarsa, da ma'aunin da ke riƙe mafi ƙanƙanta da mafi yawan zafin dare, bai kamata ya karɓi kuɗin wannan gwaji ba. Jinin da aka ɗiba ranar Juma'a da la'asar kuma sai an sami mai zuwa ranar Asabar ya fitar da shi.

Ga asibitin da ke nesa akwai mafita mai kyau. A ɗebi aƙalla mililita 5 a kwalba ɗaya ta lithium heparin, a sa ta a firji mai digiri 2 zuwa 8 cikin awa uku, za ta iya zama har awa 48 kafin a rarraba ta a kwalaben huɗu. Kwalbar EDTA ta gwajin ƙidayar jini ba ta yi, domin tana kame kalsiyam ɗin da ƙwayoyin T ke buƙata su motsa.

Da an gama ɗumamawa wahala ta ragu. Kwalaben na iya jira kwana uku a digiri 4 zuwa 27. A wulwula su minti 15 a ƙarfin 2,000 zuwa 3,000 g, kitsen gindin ya taso ya raba filasma da ƙwayoyin jini. Filasmar na kwana 28 a firji.

Farantin ELISA

ELISA ita ce hanyar auna intaferon ɗin da ke cikin filasma a kan faranti mai ramuka. Wannan sashen ba shi da abin mamaki ga wanda ya saba, kuma kayan kwalin suna da kyau. Maikirolita 50 na haɗin konjuget, 50 na filasma, a girgiza minti ɗaya, a rufe awa biyu nesa da hasken rana. A wanke aƙalla sau shida da maikirolita 400. A zuba 100 na ruwan launi, minti 30, a tsayar da 50 na ruwan tsayarwa, shuɗi ya koma rawaya, a karanta cikin minti biyar a 450 nm da matacin 620 zuwa 650. Ma'aunai huɗu ne: 4.0, 1.0, 0.25 da sifiri IU/ml. Farantin ya faɗi idan ma'auni na farko bai kai OD, awon duhun launi, 0.600 ba, ko na sifiri ya haura 0.150, ko dacewar layin ta gaza 0.98. Sifirin da ya hau kusan kullum rashin wanki ne, musamman wankin hannu. Shi ma wannan aikin a digiri 17 zuwa 27 ake yin sa, da hunturu kuma kada a bar faranti a buɗe ƙura ta sauka a ramuka.

Lissafin kuɗin ne ke cizo. Ramuka 96, ma'aunai sun ci 8, saura 88, wato mutum 22. Farantin yana rabuwa layi-layi, amma kowane zagaye sai an sake kashe ramuka takwas. Mai gwada mutum biyu rabin kayansa ya tafi ga ma'auni. Shi ya sa ƙananan ɗakunan gwaji suke tara samfuri, gwajin da zai iya fitowa washegari ya ɗauki mako ko fiye. Manyan da ke da injin LIAISON na kamfanin DiaSorin, mai yin awon da kansa, sun huta da wannan.

Karanta lambobi

Daga kowace kwalba a cire Nil. Idan TB1 ko TB2 ta kai 0.35 IU/ml, kuma ta kai kashi 25 cikin ɗari na Nil, amsa ta nuna akwai. Idan ba su kai ba, Mitogen kuma ta kai 0.5, babu. Idan ba su kai ba Mitogen kuma ta gaza 0.5, ko Nil ta haura 8.0, ba a samu amsa ba, kuma kuskure ne babba a rubuta wa irin wannan "babu". Ga misali: Nil 2.0, TB1 2.4. Saura 0.40, ta haura 0.35, amma kwatan 2.0 shi ne 0.5, don haka ba ta ci ba.

Babban aibin da muke gani a wannan kaya shi ne kamfanin bai ware yankin shakka ba. Mai 0.34 babu, mai 0.36 akwai, alhali ɗan bambancin awon jini ko jinkirin awa shida ya fi wannan tazarar. Amsoshin da suka faɗo tsakanin 0.35 da kusan 1.0 a jikin mutanen da ba su da wani haɗari, da yawansu sukan koma babu idan an maimaita. T-SPOT.TB, abokin gasarsa, yana da yankin shakka a fili, kuma da yake ƙirga ƙwayoyi 250,000 ake yi a kowane rami ya fi jure jinin da ƙwayoyin T suka yi ƙaranci, sai dai aikinsa ya fi yawa.

Abin da ba zai faɗa maka ba

Mai tari na mako biyu, da zazzaɓin dare da rama, ba wannan ne gwajinsa ba. Kakinsa za a kai injin GeneXpert mai neman ƙwayar kanta, a ɗauki hoton ƙirji, kuma a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, wato DOTS, gwajin kaki da magani kyauta ne. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana amfani da irin wannan gwaji wajen gano tarin fuka mai ci a ƙasashe irin namu. Dalilin yana cikin abin da aka faɗa a sama: jin kiran ƙwayoyin T bai nuna ko makrofaj ya yi nasara ko an ci shi da yaƙi ba. Wanda ƙwayar ke kulle a jikinsa, da wanda take cin huhunsa, da wanda ya sha magani ya warke shekara goma da suka wuce, duk suna iya ba da lamba ɗaya. Girman lambar ma ba ma'aunin tsananin cuta ba ne, maimaita shi bayan magani don a ga ko an warke kuwa zubar da kuɗi ne. Wanda cutar ta kwantar sosai, ko mai HIV da CD4 ɗinsa ya faɗi, ko mai shan prednisolone da yawa, yana iya ba da babu alhali akwai.

Wanda ya zauna da mai tari a makon jiya ma bai isa gwaji na ƙarshe ba, ƙwayoyin T ba su gama haddacewa ba, sai a maimaita bayan mako 8 zuwa 10. Idan an riga an yi Mantoux a ɗebi jinin cikin kwana uku, bayan haka allurar na iya ɗaga lambar. Mycobacterium africanum ta Afirka ta Yamma da Mycobacterium bovis ta shanu, wadda ake ɗauka a nonon da ba a tafasa ba, duk suna da RD1, duk za su nuna akwai, kuma daidai ne su nuna. Danginta na muhalli uku ne ke ruɗa shi: kansasii, szulgai da marinum.

Wa ya dace ya biya

Wanda za a fara wa adalimumab, infliximab ko makamantansu, wanda ake wa wankin ƙoda, wanda ke shirin dashen gaɓa, ma'aikacin lafiya da aka yi wa BCG Mantoux ɗinsa ya kumbura, da babban da ke gida ɗaya da mai tari yana son hujja kafin ya shiga maganin kariya. Sharaɗin shi ne a yanke tun farko cewa idan ta nuna akwai, za a fara tabbatar da babu cuta mai ci, sannan a sha maganin kariya, ko isoniazid na wata shida ko 3HP, isoniazid da rifapentine sau ɗaya a mako har mako 12. Masu HIV da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke gida ɗaya da mai tari ba sa buƙatar wannan gwaji kafin a ba su kariya. Mai neman bizar Ingila shi ma hoton ƙirji ake nema a asibitin da aka amince da shi, makarantu da asibitocin Amurka ne suka fi tambayar QuantiFERON.

Mantoux ta fi araha ƙwarai, amma sai an dawo bayan awa 48 zuwa 72, kuma masu karanta kumburin ba sa cika dacewa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sababbin allurar fata masu ESAT-6 da CFP-10, irin su Cy-Tb, waɗanda ba ruwansu da BCG ba ruwansu da inkubeta. Ga aikin bin gida-gida a ƙauye su ne za su fi dacewa idan sun wadata.

Kafin ka miƙa hannu a ɗebi jini, tambayi ɗakin gwajin ko a nan suke ɗumamawa ko aikawa suke yi wani gari, ƙarfe nawa kwalaben za su shiga inkubeta, da abin da ke riƙe ta idan wuta ta tafi. Takardar sakamako kuma ta zo da lambobin nan huɗu, Nil, TB1, TB2 da Mitogen. Idan kalma ɗaya tak aka rubuto, a koma a nemi lambobin, suna nan a kwamfutar da ta yi lissafin.